Na'urar Kunne a Ƙarƙashin Shimag

Jama'a, yau da ƙasa za ta tsage da na shige!

Ina fitowa daga shagon waya a unguwar Mansur, nan ƙasar Larabawa, yunwa kamar ta kashe ni. Sai ga wani dattijo da farar jallabiya da jan shimag, mayafin nan na mazan Larabawa, a ka. Ya dubo wajena ya ce, "Assalamu alaikum, ya karatu?"

Hausa tsantsa! Na rusuna na ce, "Alhamdulillahi, Baba."

Ya ce, "Ka ci abinci kuwa?"

Na ce, "Wallahi tun safe ban ci ba."

Ya ce, "To yalla, taho gida, an yi tuwo miyar kuka."

Tuwo fa! Rabona da shi tun Kano. Na bi bayansa lungu-lungu, har da karɓar masa leda. Yana magana ina amsawa.

Muna isa ƙofar gidan ya juyo ya ƙare mini kallo. Ya ɗaga shimag, ya zare 'yar na'urar nan marar igiya daga kunne. Ashe da ɗansa yake waya tun ɗazu!

Ya ce, "Yaro, nawa ne kuɗin dakon?"

Wayyo Allah! Na yi masa bayani. Ya yi dariya har da riƙe bango. Ya leƙa ciki ya ƙwala kira, "Hajiya, ƙara kwano! Waya ta haifa mana ɗa!"

Na ci malmala uku, ban ɗago kai ba.