Wakilin Mazaɓar da Aka Soke

Duk lokacin da na ji ƙarar salatif ana naɗe dilar kaya, kawuna nake tunawa. A ɗan ɗakinmu na kusa da kasuwar Shahe na taso, ƙarshen shekarun casa'in, lokacin Hausawan Guangzhou ba su cika sahu biyu a masallaci ba. Babana yana saro riguna yana turawa Kano, Kawu kuwa, yayan mahaifiyata, shi ke ɗaure kayan.

Ka gan shi zaune kan dila da 'yar singileti, zufa na zuba saboda zafin nan mai danƙo, ba za ka ce ya taɓa zama ɗan majalisar jiha ba. Amma kowa Onarabul yake ce masa, har tsohuwar da ke sayar mana da shayi ta koya.

In ya sha shayinsa sai labarin mazaɓa ya tashi, ni kuwa ban isa in gudu ba. Wani hedimasta ne ya fara riƙe ta, tun ana zuwa majalisa Kaduna, shi ya kawo musu makaranta. Sai wani mai awon gyaɗa da bai iya Turanci ba amma ya iya kafewa, har aka yi musu gada. Na ƙarshe Kawu. Soja suka rufe majalisa, daga baya aka raba jiha, layi ya bi ta tsakiyar mazaɓar, sunanta ya ɓace.

Wata damina wani ɗan kasuwa, baƙon zuwa, ya rasu a asibiti. Aka ce sai wani ya je da fasfon kansa ya tsaya a matsayin mai gawa, in ba haka ba ƙona ta za a yi, haka tsarin garin yake. Ɗakinmu ya cika da Hausawa, amma babu mai niyyar zuwa. Bizar yawancinsu ta ƙare, har ta Kawu, babana kuma yana Kano. Wanda ya je ya san hukuma za ta kora shi gida.

Kawu ya tambayi garin mamacin. Da aka faɗa, sai ya ce wa mahaifiyata ta ɗauko masa babbar rigarsa.

“Haba Yaya!” in ji ta. “Mutanen da suka jefi motarka ran kamfen? Ko ƙuri'a ɗaya ba su ba ka ba!”

“Ai kuwa sun iya jifa,” ya ce yana dariya. “Amma garinsu cikin mazaɓata yake. Soja ne suka sallame ni, su ba su sallame ni ba.”

Wallahi ban taɓa ganin mutum ya yi kwarjini irin na ranar ba. Aka ba shi gawa, aka yi mata sutura, shi ya shiga kabarin ya karɓe ta. Bayan nan hukuma ta ba shi wa'adin barin ƙasa. Na yi kuka har na ƙi cin abinci, don ina son tsohon nan ƙwarai.

Yau mun yi yawa a garin nan, muna da ƙungiyoyi da masu tsaya mana. Ƙauyukan mazaɓar Kawu kuma wakilai biyu gare su, a jihohi biyu, na ji ana cewa sai lokacin zaɓe ake ganinsu. Kawu ya rasu a Kano bai sake takowa nan ba. Ni ce nake zuwa maƙabartar a madadinsa in cire ciyawa, don kabarin nan ne aikin mazaɓa na ƙarshe da ya yi.