Cinikin Hular Dakta Umaru

Ban taɓa mantawa da ranar da wani biri ya kusa raba ni da abincina ba. Tunda ku sababbin ma'aikata kun dame ni da tambayar hoton nan da ke bayan teburina, to ku ja kujera ku ji.

A shekarun tsuke bakin aljihu ne, lokacin da gwamnatin Ingila ke ta datse kuɗin council, wato ƙananan hukumomi. A wata cibiyar matasa nake aiki a unguwar Hulme, nan Manchester, wata safiya aka tara mu aka ce an rufe ta. Na yi watanni ina zaman gida, har Hauwa matata ta koma aike na sayen tattasai don dai in tashi daga kan kujera. Alhaji Tanimu, mai wannan ofishin, shi ya ji tausayina ya ɗauke ni. A lokacin ɗaki ɗaya ne tal a saman wani shagon shawarma a Wilmslow Road, bas na wucewa tagogi na rawa, kuma abu biyu kawai muke sayarwa: tikitin Kano da na Umara.

Ciniki ya ja baya, don kowa ya ɗaga zuwa gida sai baɗi. Sai na kawo shawarar mu fara shirya wa mutanenmu tafiyar hutu. Alhaji ya dube ni ta saman tabarau ya ce Bahaushe in ya sami hutu gida yake zuwa ko Makka, wa zai biya kuɗi ya je kallon ruwa? Na nace. Ya ce to, gwaji ɗaya ya ba ni. In tafiyar farko ta yi kyau, teburin nawa ne. In ta ɓaci, da teburin da ni duk mu san inda muka nufa, don ba zai iya riƙe mutum biyu ba. Bai ɓoye mini ba, ni ma ban ga laifinsa ba.

Ana nan sai ga wayar wata Hajiya Bilkisu daga Birmingham. Ta ga hotunan tsibirin Bali na ƙasar Indonesiya a wayar 'yarta Amina, ta ce can take so. Da ta faɗi sunan mijinta sai da Alhaji ya miƙe tsaye. Dakta Umaru likitan unguwa ne, wato GP, da bai daɗe da yin ritaya ba, kuma shi ne dattijon 'yan Arewa a Birmingham. In ya ce abu na da kyau kowa ya bi, in ya yi tsaki kuwa an gama.

Ka'idarmu, kamar yadda kuka sani, kafin a shirya tafiya sai an zauna da mai tafiyar an ji abincinsa da lafiyarsa da ƙarfin ƙafarsa. Na hau jirgin ƙasa na same su a gidansu a Ladywood. Dakta dogo ne, fuska a ɗaure, kuma an ce ba wanda ya taɓa ganin kansa. Ko a asibiti da kwat, hularsa na nan. Ya riƙa yi mini tambayoyi kamar ni na zo ganin likita. Da ya tashi yin alwala, Hajiya ta matso ta rage murya ta gaya mini ainihin buƙatarta. Sun haura shekara talatin da aure, hoto ɗaya take so a bakin teku, shi yana sanye da hular da ya sa ranar ɗaurin aurensu. Zanna Bukar ce, ɗinkin hannu, tana ajiye a ƙasan akwatinta.

Da ya dawo na zayyana musu abin da za su tarar. Na ce a wuraren ibadar mutanen Bali kowa sai ya ɗaura zani, mace da namiji. Na ce a ɗaya daga cikinsu akwai birai masu fizge tabarau da hula, don haka ana cirewa kafin a shiga. Dakta ya dube ni sama da ƙasa.

"Malam Nasiru," ya ce, "ban cire hulata a gaban Turawan Birmingham ba. Ba zan cire ta a gaban biri ba."

Da yake tafiyar farko ce, Alhaji ya ce in bi su, in ga komai da idona. Na shirya musu yawon yini guda na kansu. Ma'anarsa mota taku ce ku kaɗai, da direba wanda shi ne jagora, ba a cusa ku a bas da baƙi, inda kuka ga dama ku tsaya. Direbanmu Wayan, wani siririn mutum mai fara'a, ya zo da safe da fure a bayan kunne. Dakta ya kalli furen ya shige mota.

Safiyar ta tafi daidai. Wayan ya kai mu wani bakin teku mai farin rairayi, ruwan garau har kana ganin yatsun ƙafarka. Hajiya ta cire takalmi, ta ɗan ɗage zani, igiyar ruwa na zuwa tana gudu tana ihu kamar 'yar makaranta. Dakta kuwa ya tsaya nesa da takalminsa har da safa, yana karanta allon gargaɗi. A ƙofar kowane shago akwai 'yan ƙananan tasoshin ganye da furanni da turare a ƙasa, sadakar da suke ajiye wa abin bautarsu kullum. Na lura yana kauce musu a hankali don kada ya taka, har ya tambayi Wayan ma'anarsu. Muka ci gasasshen kifi da shinkafa, muka yi sallah a wani ƙaramin masallacin masunta. Na aika wa Alhaji saƙo na ce komai lafiya lau. Da na sani da na jira.

Da la'asar muka isa wurin ibadar da ke kan gaɓar dutse, teku na can ƙasa yana dukan duwatsu. Baƙi ba sa shiga ciki, farfajiya da bakin gaɓar kawai ake zagayawa. A ƙofa wani dattijo ya miƙo wa kowa zani shunayya da ɗamara ruwan ɗorawa. Dakta ya nuna masa kaftaninsa da ya sauka har idon sawu, dattijon ya yi murmushi ya ci gaba da miƙo zanin. Hajiya ce ta cece ni. Ta ce, "Haba Abban Amina, a Makka ma ai guda biyu kake ɗaurawa." Ya ce wannan daban, amma ya karɓa. Ya ɗaura shi a kan kaftanin, ya ja ɗamarar tamau. Wayan ma ya yi masa maganar hula, ga shi kuwa ta auren ce Hajiya ta sa ya saka ranar, Dakta ya ɗaga masa hannu kawai ya wuce.

Muka sami wurin da Hajiya ke so, rana ta fara yin ja, teku a bayansu. Na ɗaga waya na ce su matso kusa da juna. Ban ga zuwansa ba. Wani abu mai ruwan toka ya diro daga bishiya, ya taka kafaɗar Dakta, ya wuce. Sai ga kan Dakta Umaru a fili, sanƙo fes yana sheƙi, a gaban Turawa da Sinawa da kowa.

Na yi salati. Birin ya hau katangar bakin gaɓa ya zauna da hular a hannu, bayansa kuwa ba komai sai iska da teku. Wallahi ba hula na gani a hannunsa ba, aikina na gani. Hajiya ta dafe ƙirji, don ita ta san abin da hular take.

Wayan ya ce mu kwantar da hankali, biran nan 'yan kasuwa ne. Ba son hula suke ba, sun san in sun ɗauki abin mutum za a fanshe shi da abinci. Ya kira wani mai gadi da ke yawo da jakar kayan marmari saboda irin haka. Mai gadin ya jefa ayaba. Birin ya cafe, ya sansana, ya jefar da ita teku, ya ƙara rungume hular.

Hajiya ta ce, a hankali, "Ya ce albarka."

Ta toshe bakinta da mayafi, kafaɗunta na rawa. Ni kuwa na cije leɓe har ya yi zafi, don na san in dariyar nan ta kuɓuce mini na koma sayen tattasai. Mai gadi ya jefa yankan mangwaro, shi ma aka yi masa albarka. Birin ya sa haƙori ya fara zare zaren hular. Mu duka muka yi caa a kansa, Wayan na roƙo, ni ina tafa hannu, Hajiya na cewa wayyo.

"Ku dakata," in ji Dakta. "Kuna ɓata cinikin. Kun nuna masa kuna so, yaya za a yi ya sauko? Kowa ya juya masa baya."

Sai daga baya na ji cewa mahaifinsa ɗan kasuwar yadi ne a Kano, kuma a rumfa ya tashi kafin boko ya ɗauke shi. Ya sa hannu a jakar Hajiya ya ciro ƙullin dabinon da take yawo da shi. Ya juya ya kama tafiya, zani na jan ƙasa, kai a buɗe, ko a jikinsa. Ya jefa dabino ɗaya a baki, yana taunawa yana yaba zaƙinsa da ƙarfi. Na saci kallo, sai ga birin yana biye da shi ta kan katanga, hula a hammata.

Dakta ya tsaya, bai ko dube shi sosai ba. Da Hausa ya yi masa magana, da muryar da ban taɓa ji a bakinsa ba. Ya ce tsohuwar hula ce fa, ɗan'uwa, duba duk ta koɗe, don dai mutunci ne zai saya. Ya nuna dabino biyu. Birin ya miƙo hannu ɗaya, ɗayan na riƙe da hular. Dakta ya janye, ya ce ai ba a haka, kaya a hannu kuɗi a hannu, ya ƙara taku biyu. Birin ya bi. Haka suka yi ta yi, wannan ya taya wancan ya ƙi, masu yawon buɗe ido sun yi da'ira ba wanda ke jin kalma ɗaya amma kowa ya gane abin da ake yi. A ƙarshe Dakta ya cika tafinsa da dabino, yawan da hannu ɗaya ba zai ɗauka ba, ya miƙa. Birin ya dubi hular, ya dubi dabinon, ya saki hular ya kwashe da hannu biyu. Wayan ya yi tsalle ya cafe ta.

Dakta ya karɓa, ya ga ramin da haƙori ya yi a samanta, ya ce, "Ya sallama." Sai wani sauti ya fito daga ƙirjinsa. Da farko na ɗauka tari ne. Dariya ce. Ya yi ta har ya zauna a kan matakala, hawaye na zuba, yana nuna birin ya kasa magana. Hajiya ta zauna gefensa tana dukan cinyarta. Ni ma na saki tawa, na ce ko korata za a yi sai dai a kore ni da ciki a sake.

Amma a mota fuskar ta koma yadda take. Ya ce in ba shi wayata. Ashe duk wannan abin yatsana na kan maɓalli, na ɗauki komai. Ya duba hotunan ɗaya bayan ɗaya, ya ce in tura masa duka, kada kowa ya gani. Har muka dawo Ingila bai sake tayar da maganar ba.

Da na gaya wa Alhaji, sai ya dafe kai. Ya ce na kai dattijon Birmingham na ɗaura masa zani na kuma tuɓe masa hula, me ya rage? Bayan 'yan makonni Dakta ya bugo waya ya ce mu biyu yake son gani a taron Sallah na 'yan Arewa, a wani zaure a Ladywood. Muka kama hanya daga Manchester, Alhaji ya haɗe rai. Ni kuwa ina ta tunanin yadda zan gaya wa Hauwa an kore ni.

Bayan an ci abinci Dakta ya miƙe, hular nan mai rami a kansa. Ya sa aka kashe fitila. Sai ga hotonsa an haska a jikin bango, ƙato guda, da zani shunayya da sanƙo, ya miƙa wa biri hannu. Zauren ya yi tsit, ba wanda ya san ko an halatta dariya. Daga ɓangaren mata muryar Hajiya ta ce, "Albarka." Wurin ya ɓarke. Dakta ya ba da labarin da kansa, ya yi nasa ya yi na birin, har da tafiyar kan katanga. Likitoci da injiniyoyi na kwanciya a kan tebur. Da ya gama ya nuna ni ya ce yaron nan ya gargaɗe shi tun a falonsa, shi ne bai ji ba, kuma duk mai son hutu ya neme ni.

A bakin ƙofa Hajiya ta tare ni. Na fara ba ta haƙuri cewa hoton da ta so bai samu ba, hular kuma ta lalace. Ta nuna mijinta da ke can ana ta jan hannunsa yana ƙyaƙyatawa.

"Ka ga wancan? Shi na aura," ta ce. "Tun da muka zo ƙasar nan ban sake ganinsa ba sai ranar."

Litinin da ta biyo baya wayar ofis ba ta huta ba. Har wani Alhaji ya tambaya ko za a iya shirya masa da birin nan dai. Alhaji Tanimu bai yaba mini da baki ba, amma shi ya sa aka wanke hoton, da izinin Dakta, ya rataye shi da hannunsa.

Abin da na koya shi ne, mutanenmu a ƙasar nan suna ɗauke da girmansu safe da yamma, a asibiti da bas da ofis, don suna tsoron in sun ajiye ba za su same shi ba. Sun gaji, ko da ba su faɗa ba. Aikinmu mu kai su inda za su iya ajiye shi na yini ɗaya. Duk da haka, in kuna zama da mai tafiya, ku gaya masa ya cire hula. In ya ƙi, kada ku yi gardama da shi, ku dai ce wa Hajiyarsa ta sa dabino a jaka.