Tsumma a Bakin Bindiga

Ubana mafarauci ne, kuma wannan magana ce ta kusa cutar da ni. Ban taɓa harbin ko zomo ba, jakar albarushi kawai na riƙa masa a da. Amma duk inda aka taso da zancen bindiga sai in gyara zama in ce ni ɗan gado ne. Karatuna bai wuce firamare ba, shi ya sa ɗan abin da na sani nake riƙe shi da ƙarfi, ko an tambaye ni ko ba a tambaye ni ba.

A Doha tuƙi nake yi wa wani dattijon Balarabe. Shi ne kafil ɗina, wato mai ɗaukar nauyin zamana a ƙasar, ina ce masa Baba. Yana da gona a arewa kusa da teku, kuma a can yake ajiye bindigarsa cikin akwatin ƙarfe. Ranar da na fara ganinta na daɗe ina kallo. Ƙarfenta fari ne kamar sabon cokali, katakonta toka-toka, gajeriya ce, ba ta kai ta ubana tsawo ba. A bayan kunama akwai wani mariƙi kamar hannun buta. Ka zura yatsu ka tura shi ƙasa, kwanso ya yi tsalle ya fita; ka mayar da shi sama, sabon harsashi ya hau. Baba yakan yi haka bai ko sauke ta daga kafaɗa ba, sai dai ka ji ƙwas-ƙwas, gwangwanin da na jera masa a kan tudun yashi ya wuntsila. Idan ya gama sai ya zazzage harsasai, ya miƙo mini ita in goge da busasshen ƙyalle. Ba ta da nauyi, tana kwanciya a hannu kamar don kai aka ƙera ta. Ya taɓa ce mini ruwa ba ya cin ta, gishirin teku ba ya cin ta. Na ce to a baki, a zuciya kuwa na ce ba a yi ƙarfen da tsatsa ba ta ci ba.

Sai korona ta zo ta kwantar da Baba. Ya daɗe a asibiti, ya fito kuma ƙafa ba ta ɗaukarsa. Makullan gona suka dawo hannuna. Wanda bai zauna bakin tekun nan da zafi ba bai san laima ba: bango yana gumi, kwaɗon ƙofa yana yin ja. Na tuna yadda ubana ke yi wa bindigarsa ta toka idan damina ta kama. Yakan lailaye ta da man kaɗe ciki da waje, ya toshe bakinta da tsumma don kada raɓa ta shiga, kada kuma zanzaro ya yi gini a ciki. Ina da man kaɗen da aka aiko mini daga gida. Na buɗe akwatin, na lafta wa bindigar Baba shi har cikin mahaɗar mariƙin. Na yagi gefen tsohuwar singiletina na cusa a bututun, na bi da tsinken dabino na tura shi can ciki yadda ba zai faɗo ba. Na rufe ina jin na yi aikin lada. Ban gaya wa kowa ba, jira nake ranar da za a yaba mini. Kwanaki suka tura, na manta.

Lokacin gasar kofin duniya Baba ya murmure sosai. Baƙinsa suka yi ta zuwa, ni kuma na zama ɗan filin jirgi, ɗauko wannan, mayar da wancan. Wata safiya ya ce ɗansa zai kai shi gona da wasu abokansa, yana marmarin ya ji ƙarar bindigarsa, ni in je in tarbi baƙon da zai sauka da azahar. Na miƙa makullai ban ji komai a raina ba.

Na biya ɗakinmu a unguwar Bin Omran in canja riga. Abokin kwanana, wani Bakano mai gadi a wani otal, yana zaune yana duba fason ƙafarsa.

“Sarkin baka,” ya ce, don haka yake tsokanata, “ina man kaɗen nan naka? Takalmin aiki ya gama da ni.”

“Ai ya ƙare tuntuni.”

“Gwangwani guda? Ko miya kake yi da shi a ɓoye?”

“Bindigar Baba na shafa wa.”

Ina rufe baki tsumman ya faɗo mini a rai. Na san abin da ke faruwa idan aka harba bindiga bakinta a toshe. A ƙauyenmu akwai mai yatsu uku da zai ba ka labari. Ubana ba ya mantawa da nasa tsumman, domin yana barin jelarsa a waje. Nawa babu jela, yana can ciki, kuma Baba bai san da shi ba.

Na kira Baba, ba a ɗauka ba. In yana gona a mota yake barin waya. Na kira ɗansa, tasa wayar ma tana ta ƙara. Na faɗa wa Bakanon a gurguje. Bai yi dariya ba.

“Tashi ka tafi, Malam. Baƙon nan zan sa direban otal ɗinmu ya ɗauko shi. Yalla.”

Garin ya cika da masu tutoci, an rufe wasu hanyoyi, sai da na yi zagaye kafin na hau babban titin arewa. Duk addu'ar da na iya na karanta ta, wadda ban iya ba ma na kama bakinta. Ban roƙi Allah ya tsare mini aikina ba. Fuskar Baba nake gani manne da katakon nan, mutumin da korona ta saki da ƙyar.

Da na shiga gonar na sauke gilashi ina saurare. Ba ƙarar harbi, ba kuka. Na hango su a inuwa kan darduma, butar gahawa a tsakiya, gwangwanaye a jere kan tudu ba wanda ya faɗi. Baba na zaune da bindigar a cinyarsa, mariƙin a buɗe rabi, yana shinshinar yatsunsa. Na durƙusa tun ban iso ba.

“Ɗana, ina baƙona?” ya ce.

“Baba, kada ka harba. Akwai tsumma a ciki.”

Ya dube ni, ya dubi bindigar. “Ban ma sa mata harsashi ba. Tun da na saye ta, da ɗan yatsa nake tura mariƙin nan. Yau na tura ta ƙi, kamar jakin da ya ga rami. Bindigar da ba ta taɓa yi mini gardama ba, in ta yi, sai in tsaya in ji dalili. Wannan mai warin kuma mene ne?”

Da guntun Larabcina na yi bayani. Man ya narke da zafi ya gangara cikin mahaɗa, ƙura ta bi shi, sanyi ya zo ya daskarar da su. Ɗansa ya kawo sandar wanke bututu ya zura, sai ga gefen singiletina ya faɗo kan darduma, baƙi ƙirin. Baba ya ɗauke shi da yatsu biyu ya daɗe yana juyawa.

“A ƙasarku bindiga ma ana yi mata shafe-shafe kamar amarya?”

Abokansa suka fashe da dariya, ni dai kaina na ƙasa. Na ce haka ubana yake yi. Ya ce ubana ya yi daidai da tasa bindigar, ni ne na ba mai lafiya maganin mara lafiya.

Ni ya sa na wanke ta a gabansu da ruwan wankinta na kanti. Ina gogewa ina neman tsatsa, wallahi har so nake in samu ko ɗigo don in ce ga dalilina. Babu. Inda man ya taɓa da inda bai taɓa ba duk ɗaya, fari fes. Ya sa na buɗe mariƙin na ɗaga bututun ga haske na leƙa, rana ta fito ta ɗaya gefen sarai. Sannan ya ce in gwada ta ba harsashi. Na tura da ɗan yatsa, ta ce ƙwas, na mayar, ta ce ƙwas. Sai lokacin numfashina ya dawo daidai.

Baba ya karɓa ya sa harsashi ya harba, gwangwanin farko ya tashi sama. Ban taɓa jin ƙara mai daɗin wannan ba.

Da za mu tafi ya zare makullin akwatin daga cikin na gona ya jefa a aljihunsa, ya miƙo mini sauran. Gaskiyarsa ce. A mota, da muka hau titi, ya shafa gwiwarsa ya tambaye ni ko man nan yana maganin ciwon gaɓoɓi. Na buɗe baki zan ce ai ni ɗan gado ne, sai na haɗiye. Na ce zan tambayi tsohuwata a waya, in ta ce yana yi, a aiko mana.