Shekarar da Muka Hutar da Inna

Ranar wata Laraba, a damanar farko bayan ruwan madatsar Bakolori ya rufe ƙauyenmu, aka tsinci kakata Inna Abu a bakin ruwa da ƙwaryar iri a ka, tana tambayar masunta hanyar fadamarta. Ina da shekara tara. Babana ya ɗauko ta a keke, ya sa wa ƙofar zaure sakata, ya ce daga yau ni ce mai tsaronta.

A tsohon gari Inna ba ta zama. Tana dafa kalwa, tana kaɗi da ƙawayenta a gindin tsamiya, ta san ranar haihuwar kowane yaro a unguwa. Da aka mayar da mu sabon matsuguni kusa da Maradun, ƙawayen suka warwatse, kunnenta ya yi nauyi, ciwon kai ya matsa mata. Babana yana ƙaunarta, kuma yana jin kunyar a ce a baƙon wuri tsohuwarsa ke wahala. Sai ya hana ta komai. Ta ɗauki tsintsiya a karɓe, ta jawo turmi a janye, mazarinta ma aka ɓoye a rumbu. "Inna ki huta, kin yi naki," haka kowa ke cewa.

Ni da ita muka zauna a ɗaki ɗaya mai rufin kwano. Ina jiyo sa'o'ina suna gaɗa a waje, ita tana kallon bango. Da farko sunayen jikoki ne suka ɓace mata, daga baya raka'o'in salla. Wata rana ta riƙe mini hannu a bakin ƙofa ta ce, "Ke ɗiyar mutane, mi na yi maku?" Ban buɗe ba, don an ce kada in buɗe.

Bayan shekara biyu ƙawarta Kulu ta zo daga Bakura, inda take sayar da daddawa har lokacin. Ta girmi Inna, amma ba abin da ya kwance mata. Ta zauna ta matso da bakinta kunnen Inna ta ce, "Abu sarkin rowa, har yau ba ki mutu ba?" Inna ta yi dariya, ta rama, suka yini suna lissafa mutanen tsohon gari gida-gida. Babana yana tsaye yana ji. Da magariba ya cire sakatar da hannunsa. Amma Inna ba ta ƙara nufar ƙofa ba har Allah ya karɓi abinsa.

Yanzu a asibitin Talata Mafara ana gaya mana a auna jinin tsofaffi, a duba kunnensu, a bar su cikin mutane. A lokacin ba wanda ya gaya mana. Babana ya tsufa a gidana, kullum yana fita ba awaki dusa, maƙwabta suna cewa ba na tausayinsa. Nakan bar shi ya fita, don na ga abin da tausayinmu ya yi wa Inna.