Jiniyar Ƙarfe Biyu

Ranar wata Litinin ce a tsakiyar bazara, shekarar da na shiga aji huɗu, na dawo daga makaranta na tarar da Baba kwance yadda na bar shi, idonsa a kan silin. Tun da ɓarin jikinsa ya shanye, magana ta ɗauke, ni aka ɗora wa jinyar rana, domin Umma tana can bakin masaƙar da ya yi aiki a Challawa tana sayar da shinkafa da wake. Ina cikin kore masa ƙuda sai jiniyar ƙarfe biyu ta tashi, mai kiran ma'aikatan yamma. Sai na ga ƙafarsa mai lafiya ta zamo daga katifa tana lalube a ƙasa. Takalmi take nema.

Gidanmu a Panshekara na haya ne, da rana kuwa fayau yake, kowa ya fita nema. Ƙawayena suna waje suna 'yar gala-gala, ni ina ciki da tulin wanke-wanke da mutumin da ba ya amsa sallama. Kaɗaici ya dame ni ƙwarai. Masu zuwa dubiya su yi ta hira a kansa kamar buhun gero aka ajiye, abin yana ci mini rai. Ni da fankarmu nake auna shi. In an ɗauke wuta takan tsaya cak, amma tana nan, jira take. Na taɓa tambayar malamin Islamiyyarmu ko mutum ma ana ɗauke masa wuta, ya ce rai al'amarin Ubangiji ne, in koma kan haddata. Na koma, amma kullum sai na jira ƙarfe biyu in ga ƙafar nan.

Rashin wutar da muke kuka da shi a gida shi ya ci masaƙar. Aka rufe ta, jiniya ta yi shiru, ƙafa ma ta daina motsi. Sana'ar Umma ta mutu. Baffa Sule, yayan Baba, ya zo daga ƙauyensu a Jigawa ya ce zai tafi da shi, wai ai bai san inda yake ba, nan da can duk ɗaya ne a wurinsa.

A lokacin yara sukan tsinto guntun tiyo mai gaɓa-gaɓa a bolar kamfanoni, in an wulwula shi a iska sai ya yi kuka. Ana gobe tafiya na aro ɗaya. Da inuwa ta taɓa gindin randa, alamar biyu ta yi, na tsaya bayan tagarsa na yi ta wulwulawa har kafaɗata ta gaji. Na leƙa, ƙafar tana inda take. Na shiga ina kuka, sai na ga idonsa a kaina, rabin bakinsa yana murmushi, yatsansa yana zagaya iska da sauri da sauri. Nufinsa in ƙara hannu, jiniyata ba ta kai ta gaske ba.

"Baba, ashe kuna ji?"

Ya lumshe ido, ya buɗe.

Na gaya wa Umma, ta ce Allah sarki, ta ci gaba da ɗaure masa kaya. Baffa ya ce jijiya ce kawai take harbawa. Washegari suka tafi, bai kai kaka ba ya rasu.

Yanzu masaƙar ta zama rumbun ajiye kaya, kowa kuma da lokacinsa a waya, ba mai jiran jiniya. Amma har yau in aka ɗauke wuta, fanka ta fara sassautawa, nakan zuba mata ido har ta tsaya. A kwanakin nan Baba yana nan cikin jikinsa, ni kaɗai na gani.