Babana da Ƙwallon Italiya

Babana ya yi shekara da shekaru yana yankan marmara a wata masana'anta a kudancin Jidda. A can ya ɗauko son ƙwallon Italiya ya kawo mana gida a unguwar Nuzla. Mai kula da injinan wani dattijo ne ɗan Italiya, Larabcinsa kaɗan ne, Baba kuma ba ya jin yarensa. Amma lokacin cin abincin rana sai dattijon ya jera gutsattsarin marmara a kan tebur yana nuna masa yadda ake tsare gida: waɗannan su riƙe mutum, wannan ya tsaya a bayansu yana kwashe duk ƙwallon da ta kuɓuce.

Shi ya sa Baba bai damu da masu zura ƙwallo ba. Gwarzonsa shi ne mai tsaron ragar Italiyan nan da ya ɗaga kofin duniya a 1982 yana ɗan shekara arba'in. Kullum da shi yake mana misali, ko da maganar makaranta ake yi. Yayyena maza biyu kuwa Brazil suke bi. Ranar wasan ƙarshe na kofin duniya na 1994 tsakanin Italiya da Brazil, da ɗan wasan Italiya mai kitso ɗaya a ƙeya ya buga fenariti ta haye sama, sai suka cika gidan da ihu. Baba ya ce, "Ba don shi ba da ba su kawo nan ba. Ku rage murya, akwai maƙwabta." Ni ce ƙaramarsu, kuma tun daga ranar na koma ɓangarensa, don tausayi kawai. Son wasan daga baya ya zo.

Bayan ya bar aiki sai yanar ido ta rufe masa ido ɗaya, ɗayan ma ya yi rauni. A wannan hali ne muka ji cewa manyan ƙungiyoyin Italiya biyu za su zo Jidda su kara, masu riga baƙi da fari da masu ja da baƙi. Babban yayana yana da aiki a wani sito a unguwar Khumra, ɗayan yana Makka. Ba a daɗe da fara barin mata shiga filin wasa ba, don haka na saya mana tikiti biyu a ɓangaren iyali.

"Me zan gani, 'yata?" in ji shi.

"Ni zan gani in faɗa maka, Baba. Yalla, mu je, ka sa hularka."

Muka tafi. Yana riƙe da hannun abayata muka hau matakala a hankali. Da aka fara wasa na shiga ba shi labarin mai ƙwallo, sai ya tsayar da ni.

"Bar mai ƙwallo. Masu tsaron baya su nawa ne? A layi ɗaya suke?"

Haka muka yi har aka tashi. Filin duk ya miƙe da aka ci ƙwallo ɗaya tilo ta wasan, shi yana zaune yana tambayata wa ya bar mutumin da ya ci ƙwallon. Na ce ban lura ba. Ya ce halas, shi ke nan, ɗaya da nema dai ai shi ne ƙwallon Italiya.

Kusa da mu akwai wani Bature ɗan Italiya da matarsa. Baba ya ji yarensu, ya juya ya faɗi kalmomin da ya sani. Baturen ya yi dariya har da hawaye, ya bayyana mini da Larabci cewa Baba ya ce masa ne ya yi hankali da yatsunsa, injin yana aiki. Baba ma ya yi dariya. Suka gaisa, suka daɗe ba su saki hannu ba.

Bayan 'yan watanni aka yi masa aikin ido, ya warke. Ya sa na nemo masa wasan a waya, ya kalle shi tun daga farko da tabarau a hanci. Da ya gama ya miƙo mini wayar ya ce na yi ƙoƙari, amma sau biyu masu ja da baƙi suka bar gefen hagu a buɗe ban faɗa masa ba.