Ɗan Fari a Ƙofar Coci

Bana shekara goma sha biyu ke nan da rasuwar mahaifina, Malam Isuhu, kuma har yau in na bi ta gaban ƙaramin cocin nan na Akokan sai in tuna da shi. Akwai kewa a ciki, amma mafi yawansa kishi ne, kuma na gaji da ɓoye shi.

Daga Damagaram ya zo, lokacin da ramin yuraniyom ke jawo mutane daga ko'ina. Ƙirjinsa bai da ƙarfin shiga rami, sai ya samu aikin gadi da ban ruwa a cocin da ma'aikata 'yan Togo da Benin ke zuwa ranar Lahadi. Shi kuwa Musulmi ne na sahun gaba. Buzunsa na salla a ɗakin gadi yake rataye, kuma limamin cocin, wanda kowa ke ce wa Momper, in ya hango shi ya ta da kabbara sai ya hana a buga ƙararrawa har ya sallame. 'Yan unguwarmu sun yi ta tsegumi, wai malami guda yana share wa Kirista tsakar gida. Ko a jikinsa.

Ni ne ɗan farinsa, kuma duk Bahaushe ya san alkunyar da ke nan. Bai taɓa ɗaukata a gaban mutane ba, bai taɓa kiran sunana ba. Laminu nake, amma a bakinsa "kai" ne, in ba na nan kuma "wancan". In zai aike ni sai ya dubi bango ya ce, "A ce wa mutumin nan ya kawo buta."

Da a gida abin ya tsaya, da na haƙura, al'ada ce. Ranar Lahadi ce ke ci mini tuwo a ƙwarya. Inna kan ba ni furarsa in kai masa, in tsaya a bakin ƙofa ina kallo. Da an tashi daga addu'a sai 'ya'yan mutane su yo kansa a guje, suna "Baba Isuhu, Baba Isuhu". Shi kuma, mutumin da ke ɗaure fuska a gida, ya washe baki yana kiran su ɗaya bayan ɗaya: Kofi, Afi, Selestin, sunayen da harshensa ma ba ya juyawa daidai. Ya san wanda ya yi zazzaɓi, ya san wanda ya ci jarrabawa. Ni in miƙa kwano, ya karɓa bai dube ni ba, ya ce, "To, a gaida gida." Wallahi akwai ranar da na so in tuntsurar da furar a yashi. Kofi bai taɓa yi mini komai ba, amma na tsane shi har muka yi gemu.

Na ɗauka in ya tsufa zai saki. Ina! Na yi aure, na zama direban motar ma'aikata, na yi jinyarsa wata huɗu, a kan gadon asibiti ma "kai" ne. Ranar jana'iza 'yan coci suka tsaya daga nesa da hulunansu a hannu, matansu na kuka kamar nasu ne ya mutu. Ni kuwa har kukan nasu haushi yake ba ni.

Da zai dawo yau, da ƙyar zai gane wurin. An rufe ramin Akokan, su Kofi sun watse, wasu sun koma gida, wasu sun tafi haƙar zinariya a Tchibarakaten. Cocin da ke cika har waje, yanzu benci uku ba sa cika. Na san halinsa, tiyon ban ruwa zai fara nema, don rabin itatuwan da ya dasa sun bushe.

Watan jiya na tsaya a wurin, ban ma san dalili ba. Wata tsohuwa, Madam Akosiwa, wadda ta ƙi komawa Togo saboda kabarin mijinta, tana zuba ruwa da bokiti a gindin wani babban itacen bedi, wato dogon yaro, kusa da ɗakin gadi. Na gaishe ta, na ce ni ɗan tsohon mai gadi ne. Ta ce wanne daga ciki? Na ce Laminu.

Sai ta ajiye bokitin, ta dafa itacen ta ce, "Kai ma Laminu? Ai ga Laminu nan."

Ta ce shi ne itacen da babana ya fara dasawa, ta faɗi lokacin, kuma da na lissafa, shekarar haihuwata ce. Kullum da safe nan yake fara jan tiyo, yana magana shi kaɗai: "Laminu, ka tashi lafiya? Sha ka girma, Laminu." Su a zatonsu sunan itacen ke nan da Hausa. Shekara da shekaru, duk bedin da 'yan cocin nan suka gani a gari, Laminu suke ce masa.

Malam Isuhu bai bar mana gida ba, bai bar gona ba. Ya bar masallaci da coci da ba su taɓa sa-in-sa a kansa ba, ya bar inuwar da tsofaffi ke zama in sun fito daga addu'a. Na so in ce muku na huce, amma ƙarya zan yi, wuri kawai kishin ya sauya. Shekara talatin itacen nan yana jin sunana daga bakin babana kowace safiya, ni ko sau ɗaya.

Yanzu duk Juma'a in an sauko daga masallaci nakan ɗaura jarka biyu a bayan babur in kai masa. Ina zuba ruwan, ina duba ganyensa, amma ba na kiran sunansa. Ai ɗan fari ne.